Ninkin Takarda: Jawabi ga Manya Masu Koyon Karatu a Manga

Na ga kowa ya zo da takardar da na ce a kawo. Na kuma ji wani dattijo yana cewa, "Ashe wasan yara aka kira mu?" To, Baba, ka yi mini haƙuri kaɗan.

Mu duka mun san ninke takarda. Ni kaina na daɗe ina ninke wasiƙu a ofis, ban taɓa zaton akwai wani ilmi a ciki ba. Amma mutanen Jafan sun mai da shi sana'a, suna kiransa origami, watau ninkin takarda da harshensu. Tun a 1797 suka buga littafi mai nuna yadda a ke fid da siffar gauraki da yawa, a haɗe da juna, daga takarda guda. Daga baya wani malamin makaranta nasu, Shuzo Fujimoto, wanda ya rasu a 2015, ya shahara da wani iri dabam. Shi ba tsuntsu ya ke yi ba. Siffa ɗaya ya ke maimaitawa har ta cika takarda, ba gam, ba almakashi, ba wurin da ya saura fili. Ku duba tabarmar da ku ke zaune a kai, haka zanenta ya ke tafiya.

Irin wannan za mu gwada yau. Kari iri biyu ne kaɗai, kuma manomin ƙasar Zuru ba ya bukatar a bayyana masa su. Wanda ya taso sama kamar kunya ne, wanda ya nutse kamar kwari. Ku riƙe sunayen nan biyu.

Ku shimfiɗa takarda bisa allo. Ku raba tsawonta kashi 5 daidai, ku ninke gaba, ku ninke baya, har ta zama siririya kamar ɗamara. Sa'an nan ku ninke ɗamaran nan kashi 7, gaba da baya, amma kada karin ya tsaya cak, ku ɗan karkata shi, kowane kari kuwa ya bi karkatar na fari. Ku murje shi da akaifa sosai. In kun buɗe za ku ga ɗakuna 35, da layuka waɗansu miƙaƙƙu, waɗansu masu tafiyar maciji.

Nan ne wuyar ta ke. Kowane layi mai tafiyar maciji sai ya zama kunya tun daga bakinsa har ƙarshe, na kusa da shi ya zama kwari, na gaba kunya, haka har ku ƙare. Inda kari ya saɓa, sai ku juya shi da kan yatsa a hankali. Da na fara koyo, takarda 6 na ɓata a dare ɗaya. Ba don aikin ya fi ƙarfina ba, sai don na yi gaggawa wajen rabon farko, kashi ɗaya ya ɗara sauran da kamar faɗin ƙwayar gero. Ɗan kuskuren nan ya bi kowane ɗaki, takarda ta ƙi kwantawa. Wanda ya ja kunyar fari a karkace ya san yadda sauran gonar za ta kasance.

In an gama, ku kama kusurwa biyu masu duban juna ku ja. Takarda za ta buɗe gaba ɗaya. Ku tura, ta koma ta dunƙule da kanta. Wani masanin Jafan, Koryo Miura, shi ya fito da wannan ninki a 1970, ana kiransa da sunansa. Ana ninke taswira da shi don matafiyi ya buɗe ta ba wahala. A 1995 kuwa Jafan suka harba tauraron ɗan'adam ɗauke da wani mayafi mai karɓar hasken rana, an ninke shi haka, domin wuri ƙanƙane ne cikin roka, a sama kuma ba hannun da zai warware shi ɗaki ɗaki. To, Baba, ka ji inda wasan yaran ya kai.

Ni dai abin da ya sa na kawo muku shi, hannun da ya saba da fartanya ya kan yi wa alƙalami nauyi, har ya huda takarda. Ninki yana koya wa yatsu sassauci, yana koya wa ido awo. Wanda ya iya raba takarda kashi 5 daidai ba zai sha wuyar daidaita layin rubutunsa ba.

Kada kowa ya yage littafin ɗansa saboda wannan. Tsohuwar jarida ta isa a koya, ko da ya ke tana da saurin yagewa in an murza ta da yawa. Takardar buhun siminti ta fi ƙarko, in an kakkaɓe ta an raba ɓawonta. Ku guji takarda mai danshi, ba ta riƙe kari. Wanda ya gama nasa ya ɗaga shi wajen ƙofa, inda haske ke shigowa, ya ga zanen. Wanda tasa ta ƙi kuwa ya matso kusa da ni, mu nemo karin da ya saɓa.