Jawabin Shugaban Taro a Bikin Yaye Matasa Masu Koyon Sana'a a Funtua

 

Iyayenmu sarakuna na ƙasar Maska da ƙasar Galadima, Allah ya ja zamaninku. Malamanmu, Allah ya gafarta muku. Iyayen yara, manoma da 'yan kasuwa, da ku 'ya'yanmu da ake yayewa yau, barkanku da zuwa.

Tun shekarar 2006 gwamnatin tarayya ta sa Funtua cikin garuruwan da za a gina wa tashar tsandauri. An buɗe ta Kaduna a 2018, ta Dala a Kano a 2023, tamu kuma a watan Mayun 2024. Yanzu masarar Dandume da Bakori, da waken suya da audugar Malumfashi da Kafur, za a iya yi musu takardun kwastan a nan ƙofar gida, a rufe kwantena, sai bakin teku.

To amma jama'a, gini ba ya aiki da kansa, kuma masu saye a ƙetare sun canza sharaɗi. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda ragowar maganin ƙwari da aka samu a cikinsa. Manomi ya yi nasa, wurin ajiya aka yi ɓarnar. A 2023 kuma hukumar sufurin jiragen ruwa ta duniya ta amince a kawar da hayaƙin da jirage ke ƙara wa sararin samaniya wajajen shekarar 2050. Dokar da ta hau kan jirgi za ta sauko kan tasha, daga nan ta iske ɗan dako a Funtua.

Manyan tashoshi irin Apapa suna iya ɗaukar ƙwararre ga kowane fanni. Ƙaramar tasha ba ta da wannan ƙarfin. Ma'aikacinta sai ya haɗa ilimi biyu ko uku. Muna buƙatar wanda zai auna danshin hatsi, ya adana shi a buhu mai ninki uku ba tare da zuba guba ba, ya kuma gane masarar da ta yi fumfuna. Muna buƙatar wanda zai kafa sola da batir don a rage ƙona gas a janareto, wanda zai kula da ɗakin sanyi don tumatirin Danja ya daina ruɓewa, da wanda ya san yadda ake tattara baƙin mai da leda kada ruwan sama ya kwashe su zuwa fadamun da muke noman rani.

'Ya'yana maza da mata, shaidar da za ku karɓa yau mafari ce. Ku ci gaba da neman sani, ku riƙe amana, domin buhu ɗaya da aka yi wa algus yakan sa a mayar da kwantena guda. Ku kuma masu hannu da shuni da hukumomi, muna roƙonku ku ɗauki yaran nan koyon aiki tun yanzu. Da zafi-zafi akan daki ƙarfe. Idan muka yi sakaci, za a kawo masu ilimin daga nesa, namu su tsaya a lodi da saukale.

Allah ya yi wa wannan ilimi albarka, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya ba mu damina mai albarka, ya mayar da kowa gidansa lafiya.