Ku Ɗauki Hoton Furen Unguwarku Kafin Siminti Ya Rufe Shi



Damina ta kankama, to yau aiki zan ba ku. Gobe da safe ku ɗauki wayarku ku zaga unguwa, fure za ku nemo. Ba sai kun je gidan masu kuɗi ba. Ga kuɓewa a bayan gida, furenta rawaya ne da ja mai duhu a tsakiya, kuma yini ɗaya yake yi ya yanƙwane. Ga kabewa a kan danga, nata kafin azahar ya rufe. Ga tafasa a gefen hanya, ga zogale, ga tumfafiya a kango. Shi ya sa na ce da safe, tsakanin ƙarfe 7 da 9, kafin rana ta yi zafi.

Ku goge kyamarar, ku durƙusa, ku matsa kusa maimakon jawo hoton, sannan ku taɓa furen a fuskar wayar don ya fito tas. In a ƙofar gidan wani ne, a yi sallama a nemi izini.

Amma babban aikin shi ne suna. Manhajar iNaturalist za ta taimaka muku da sunan kimiyya, na Hausar kuma wajen su Baba da Inna yake. Ku nuna musu hoton, ku tambayi sunansa da amfaninsa, ku rubuta. Kangon da kuke gani yau, baɗi wataƙila shaguna ne, kuma tsofaffin nan ba za su dawwama ba.

Wanda ya ɗauka ya turo mana da sunan unguwarsu. Sai mun ji ku.