Darasin Da Ke Ƙarƙashin Murfin Tukunya

 

Yau maganar karatun yara za mu yi. Sau da yawa yarinya 'yar sakandare takan dawo da aikin gida na kemistiri ta ce, "Umma, ban gane ba." Uwa kuma sai ta ce, "Ni ina na san boko? Jira babanku." Daga nan yarinya ta fara tsoron darasin, wata ma har ta gudu daga ajin kimiyya. To ga wani darasi da ke kin daɗe da saninsa a madafi.

Tambayar ita ce, in gishiri ya narke a ruwa, yaya za a raba su? Tacewa ba ta yi, domin ƙyallen tata yashi da laka yake kamawa, abin da ya narke kuwa tare da ruwan yake wucewa. Tafasawa tana kashe ƙwayoyin cuta irin na kwalara, kada mu yi wasa da ita, amma ba ta cire gishiri. Ai kun ga miya in ta tsotse, gishirinta ƙara fitowa yake. Haka ruwan zartsi, ko kwana ya yi a wuta zartsinsa na nan.

Amsar tana ƙarƙashin murfi. Wannan gumin da ke ɗiga in kin buɗe tukunya, tururi ne ya taɓa wuri mai sanyi ya koma ruwa. Ruwa yana tafasa a digiri 100, shi kuwa gishiri sai digiri 801 yake narkewa da wuta. Saboda haka ruwa ke tashi, gishiri ya zauna a gindin tukunya. Malamai na kiran wannan distileshan.

A makaranta, kwalba mai dogon wuya ake ɗorawa a wuta, a sa ma'aunin zafi a bakinta. Tururin sai ya bi wani bututun gilashi da ruwan sanyi ke zagayawa a bayansa, ya ɗiga cikin kofi.

Ki gwada tare da 'yarki. Ki zuba ruwan gishiri kaɗan a tukunya, ki kifa ƙaramin kwano a tsakiya, ki ɗora kofin silba a kansa. Ki rufe da murfi a birkice, ki zuba ruwan sanyi ko ƙanƙara a samansa, ki rage wuta. In ya jima ki sauke, ya huce, ku ɗanɗana abin da ya taru a kofin. Salam za ku ji shi. Amma don Allah a kawar da ƙananan yara, ƙunar tururi ba wasa ba ce. Kuma ruwan da kalanzir ya shiga a zubar da shi, domin kalanzir yana bin tururi.

Kada ki raina dabarar nan. Kowace lita ta ruwan teku tana da gishiri wajen giram 35, amma a Shu'aiba, bakin Bahar Maliya, da tururi aka riƙa cire shi ana tura ruwan Makka. Ruwan da ake ƙara wa batirin mota ma irinsa ne.

Gobe in 'yarki ta kawo littafi, ki ce ta karanta miki tambayar, ki ja ta madafi. Allah ya yi wa zuri'armu albarka. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A huta lafiya.