Sanin Makami da Sanin Abokin Gaba: Darasi Daga Wasan EVE Online

Wannan lacca ce da wani ɗalibi ɗan aji biyu ya gabatar a zaman yamma na ƙungiyar ɗalibai. Mun buga ta kamar yadda ya karanta ta.



Ran da Sakatare ya manna kan maganata a allon sanarwa, na ji wasu suna cewa, "Ashe har wasan kwamfuta ya isa a tara mutane a yi masa lacca?" Ban ga laifinsu ba. Sai dai ina roƙonku ku ba ni aron hankalinku na ɗan lokaci, domin abin da zan kawo lissafi ne tsantsa, irin wanda muka koya tun a sakandare, kuma rashin yinsa ya taɓa jawo mini asarar wahalar wata biyu cikin minti uku.

Wasan da nake nufi shi ne EVE Online, wanda kamfanin CCP na birnin Rekyabik, a ƙasar Aisilan, ya fito da shi a watan Mayu na 2003. Ana yinsa ta intanet, kowane ɗan wasa matuƙin kumbo ne a wata duniya ta ƙage mai taurari fiye da 7,000, inda ake haƙar ma'adinai, ana ciniki, ana yaƙi. Abin da ya bambanta shi da yawancin wasanni shi ne, in an harbe kumbonka, to, ya tafi ke nan, sai ka sayi wani. A watan Janairu na 2014 an yi wani yaƙi a wurin da ake kira B-R5RB, aka shafe kimanin awa 21 ana fafatawa, aka ragargaza manyan kumbunan nan da ake kira Titan har guda 75, kuma masu ƙiyasi sun kimanta asarar da kusan dalar Amurka 300,000. Saboda haka duk wanda zai fita da kumbo a wannan wasa, da dukiyarsa yake fita.

Ni tawa asarar ba ta kai haka ba, amma ta ishe ni. Na yi wata biyu ina tara kuɗin wasan har na sayi kumbon yaƙi samfurin Harbinger, na ɗora masa bindigogin leza mafi tsada da aljihuna ya iya ɗauka. Na saba yaƙar wasu 'yan fashin sararin samaniya da ake kira Blood Raiders, ina kakkaɓe su kamar ƙuda. Rannan sai na karɓi aikin yaƙar wasu 'yan fashin dabam, watau Guristas, na tafi da shirin da na saba. Ina harbi, garkuwarsu ba ta ko girgiza yadda na saba gani. Su kuwa duk harbin da suka yi sai sulkena ya zube. Da na nemi gudu, ashe wasu 'yan ƙananan kumbuna sun riga sun riƙe ni, suna kewaya ni, bindigogina sun kasa samunsu. Haka na dawo tasha cikin ɗan ƙwanson tsira. Inshora ta biya wani abu daga kuɗin kumbon, kayan da na ɗora masa kuwa sai labari. Laifin nawa ne ni kaɗai, kuma sauran laccar nan bayanin wannan laifi ne.

Da farko, ɓarnar da makami yake yi a wannan wasa iri huɗu ce. Akwai ta lantarki da maganaɗisu, wadda zan riƙa kira ta lantarki don taƙaitawa. Akwai ta zafi. Akwai ta bugu, watau ƙarfin abu mai nauyi da ya zo a guje. Sa'an nan akwai ta fashewa. Kowane kumbo kuma yana da kariya hawa uku. Garkuwa ce a waje, sulke yana biye da ita, gangar jikin kumbon tana can ciki. Sai an cinye na waje kafin a kai ga na ciki. Kowane hawa yana da juriyarsa ga kowace irin ɓarna, ana auna ta da kashi cikin 100, kuma abin da juriya ta tare ba ya taɓa kumbon sam.

Ga alkaluman kumbo na gama-gari wanda ba a ƙara masa kome ba. Garkuwa ba ta tare kome daga ɓarnar lantarki, tana tare kashi 20 na zafi, kashi 40 na bugu, kashi 50 na fashewa. Sulke kuwa akasin haka yake: yana tare kashi 50 ko 60 na lantarki, gwargwadon daular da ta ƙera kumbon, amma kashi 10 ko 20 kacal yake tarewa na fashewa. Mu ɗauki harbi mai ƙarfin maki 100. In na lantarki ne, zai shiga garkuwa da makinsa 100 cif, amma da ya isa sulke sai ya koma 50. In na fashewa ne, 50 zai ci daga garkuwa, ya ci 90 daga sulke. Kun ga ke nan harbi ɗaya yana iya zama kusan ninki biyu na kansa, ko rabin kansa, alhali bindigar ba ta sake ba. Abin da aka harba wa ne ya sake.

Na biyu, makaman kansu ba ɗaya suke ba wajen zaɓin ɓarna. Dauloli huɗu ne a wasan, kowace da makamin da ta fi ƙwarewa a kai. Daular Amarr leza take amfani da ita, wadda ba ta yin kome sai ɓarnar lantarki da zafi, tana kuma shan wutar rumbun kumbo ƙwarai. Daular Gallente ta shahara da bindigogin da ake kira masu haɗin gambiza, waɗanda bugu da zafi kawai suke yi, da kuma ƙananan jirage marasa matuƙa. Daular Minmatar tana da igwa mai harsashi, ba ta shan wuta, kuma ana iya sauya mata harsashi: EMP ya fi ƙarfi a lantarki, Phased Plasma a zafi, Fusion a fashewa. Daular Caldari kuwa ta fi dogara ga makamai masu linzami, su ma iri huɗu ne: Mjolnir na lantarki, Inferno na zafi, Scourge na bugu, Nova na fashewa. Mai leza yana sauya madubin bindigarsa nan take, amma ba zai fita daga lantarki da zafi ba. Mai igwa da mai linzami suna da zaɓi, sai dai galibi sukan jira daƙiƙa 10 kafin sabon ɗuri ya shiga, kuma daƙiƙa 10 a tsakiyar wuta ba wasa ba ce.

Yanzu za ku gane abin da ya same ni. Blood Raiders lantarki da zafi suke harbawa, kuma lantarki ne ya fi yi musu illa, don haka leza ta dace da su, sulkena ma na shirya shi don tare waɗannan biyun. Guristas kuwa bugu suka fi harbawa, sai zafi, kuma bugu ne lagonsu. Ɓarnar lantarki, wadda ita ce mafi yawan abin da leza take yi, suna jure mata sosai. Watau na je musu da makamin da ya fi rauni a kansu, na kuma bar musu ƙofar bugu a buɗe, inda sulken kumbon Amarr yake tare kashi 25 kawai. Da Angel Cartel na je yaƙa, da fashewa za su fi jefo mini, fashewa kuma ta fi cinsu. Kowane gungu da nasa hali, kuma wannan sani a bayyane yake ga duk wanda ya tsaya ya bincika kafin ya bar tasha.

Na uku, lissafin juriya yana da wata ƙa'ida da takan ruɗi sababbin shiga. A ce sulke yana da maki 10,000. In juriyarsa kashi 50 ce, sai an zuba masa ɓarna ta maki 20,000 kafin ya ƙare. In ta kai kashi 75, sai an zuba 40,000. In ta kai kashi 90, sai 100,000. Ƙarin kashi 25 daga 50 zuwa 75 ya ninka ƙwarin sulken sau biyu, alhali ƙarin kashi 25 daga sifili sulusi kawai yake ƙarawa. Abin dubawa shi ne abin da ya rage yana shiga, domin shi ne yake kashe kumbo.

Har wa yau, na'urar ƙara juriya a kan ragowar take aiki. In garkuwa tana tare kashi 50 na fashewa, ka ɗora na'urar da aka ce tana ƙara kashi 50, abin da za ka samu kashi 75 ne, domin rabin ragowar 50 ta ɗauke. Kana masu wasan sun sa wata doka don hana tara abu ɗaya: na'ura ta farko tana aiki da cikakken ƙarfinta, ta biyu mai irin aikinta da kimanin kashi 87 cikin 100, ta uku da kashi 57, ta huɗu da kashi 28. Tun da guraben ɗora kaya a kumbo ƙidayayyu ne, wanda ya cika su da abu iri ɗaya ya yi ɓarnar kuɗi da gurbi, ya kuma bar wani ɓangaren a tsiraice. Mai wayo yakan fara toshe ramin da abokan gabarsa na ranar za su bi.

Na huɗu, ko ɓarnar ta dace, sai harbin ya sami abin da aka nufa. Kowace bindiga tana da zangon da take aiki sosai, bayansa kuma akwai wani zango na raguwa. In abokin gaba ya wuce zangon farko da tsawon zangon raguwa ɗaya, damar samunsa ta koma rabi. In ya wuce da biyu, ta koma kimanin kashi 6 cikin 100. Kusanci ma yana da tasa matsalar. Ku tuna maharbi da tsuntsu. Shaho da yake tafe can nesa, yana nufo maharbi kai tsaye, da sauƙin saiti yake. Amma ɗan tsuntsun da yake shawagi dab da kansa, kafin ya juya bakin bindiga ya wuce. Haka manyan bindigogi suke a wasan: suna da nauyin juyawa, kuma an ƙera su ne don manyan kumbuna. Ƙaramin kumbo mai gudu da ya matso yana kewaya babba, da wuya a taɓa shi. Wannan ne ya sa bindigogina masu tsada suka zama kwalliya a gaban waɗancan 'yan ƙananan da suka riƙe ni.

Makami mai linzami ba ya kuskure irin na bindiga muddin ya cim ma abin da aka harba wa, amma shi ma yana da iyaka. In kumbon ya fi faɗin fashewar ƙanƙanta, ko yana gudu fiye da saurin bazuwarta, ɓarnar takan ragu matuƙa. Maganin wannan duka sananne ne: akwai na'urar da take rage wa abokin gaba gudu, akwai wadda take ƙara girmansa a idon makami, sa'an nan akwai ƙananan jirage marasa matuƙa, waɗanda aikinsu ke nan farautar ƙananan kumbuna. Kumbona yana da ɗakin ajiye su. Ni ne na bar su a tasha, don na ɗauka manyan bindigogi sun isa.

'Yan'uwa, in an tambaye ni wane makami ne ya fi kowane a wannan wasa, amsata ita ce tambayar ba ta cika ba sai an faɗi wanda za a harba. Tun daga waccan rana, ba na barin tasha sai na amsa wa kaina tambayoyi huɗu. Wace irin ɓarna abokan gabar nan suke yi? Wace iri ce ta fi yi musu illa? A wane nisa makamina yake aiki, kuma ina da hanyar tsayawa a wannan nisa? Me na tanada don ƙananansu? Amsa su ba ta wuce minti biyar. Da na koma wa Guristas, da kumbon Caldari na je, mai arha ƙwarai a kan wanda na rasa, ɗauke da Scourge, garkuwarsa a shirye don bugu da zafi, kuma na gama aikin na dawo lafiya.

Baƙinmu ma'aikata sun fi ni sanin yadda akan rubuta takardar neman kaya a zaɓi mafi tsada, ba tare da an tambayi aikin da za a yi da shi ba. Ni dai a wasa na yi wannan kuskure, kuma na yi sa'a kuɗin wasa na biya. Ga waɗanda suke sha'awar gwadawa, tun watan Nuwamba na 2016 ana iya shiga wasan kyauta da ƙananan kumbuna, sai dai ina jan kunnenku game da lokaci, domin jarrabawa ba ta jiran matuƙin kumbo.

Shugaba, nan zan dakata. A shirye nake in amsa tambayoyi gwargwadon abin da na sani.