Zaƙin Sakarin a Zoɓon Katsina



Duk wanda ya bi ta Ƙofar Ƙaura ko Babbar Kasuwa da tsakar rana zai ga robobin zoɓo da kunun aya jere cikin kula, ƙanƙara na narkewa a kansu. Tun da sukari ya yi tsada, wasu masu haɗawa suka koma sakarin. Ɗan abin da aka ɗebo da bakin cokali ya isa bokiti guda, domin ya fi sukari zaƙi kusan sau 300. Mai sha yakan gane shi da ɗan ɗacin da ke maƙalewa a maƙogwaro.

Masu hali kuma suna sayen lemon kwalba marar sukari, wai don su rage teɓa. To, a watan Mayun 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada a dogara da sinadaran zaƙi irin su sakarin da waɗanda ke cikin wannan lemon wajen rage ƙiba. Ba sa rage kitse idan tafiya ta yi nisa, kuma an ga alaƙa tsakanin daɗewa ana shan su da ciwon sukari da na zuciya, kodayake alaƙa ba hujja ba ce. Shawarar ba ta shafi masu ciwon sukari ba, su likita zai tsara musu.

Abin da ya fi damuna shi ne zoɓon leda: babu takarda, babu awo, ga yara na sha kullum. Hajiya mai zoɓo, don Allah a rage zaƙin, a ƙara citta da kanumfari.