Jawabi Kan Gidan Rediyo Da Kiɗan Gida



Babu manomi a ƙasar Funtua da Malumfashi da bai san akwatin rediyo ba. Ana rataye shi a bishiya lokacin aikin gona. Ana kunna shi a zaure da dare.

Gidan rediyon gwamnati na jama'a ne. Da kuɗin jama'a aka gina shi. Da kuɗinsu ake biyan ma'aikatansa. Saboda haka jama'a suna da hakki a kansa. Cikin wannan hakki har da kiɗan gida.

An buɗe Rediyon Kaduna a shekarar 1962. Ta nan muryar Alhaji Mamman Shata ta shiga birni da ƙauye. An haifi Shata a Musawa, ya zauna a Funtua, ya rasu a 1999. Haka kuma Hajiya Barmani Choge ta Funtua, mai kiɗan ƙwarya, wadda ta rasu a 2013. Har yau ana jin muryoyinsu, domin an ɗauke su a faifai da kaset.

To, ina gangar noma? A da, ranar gayya makaɗi yana bin manoma kunya kunya. Yana yi wa gwani kirari, yana zolayar rago. Yanzu tarakta da maganin feshi sun rage gayya. Injin niƙa ya maye gurbin dutse, waƙar niƙa ta mata tana ɓacewa. Makaɗan sun tsufa. Idan suka rasu ba a ɗauki muryarsu ba, shi ke nan, an yi asara.

A 1992 aka kafa hukumar da ke kula da gidajen rediyo da talabijin na ƙasa, wato NBC. Ƙa'idarta ta ce kashi 80 cikin 100 na kiɗan da ake sawa ya zama na Nijeriya. Amma ana iya cika wannan kaso da kiɗan birni kaɗai, a bar na ƙauye.

Saboda haka abu uku ne ya wajaba a kan gidajen rediyon gwamnati.

Na ɗaya, su je ƙauyukan Bakori, Ƙafur, Ɗanja da Faskari su ɗauko kiɗan noma, ba su jira a Katsina ko Kaduna ba.

Na biyu, su sa shi lokacin da manomi ya dawo gida. Su faɗi sunan makaɗi da garinsa, su biya shi ladansa.

Na uku, su kwafe tsofaffin faya-fayai cikin kwamfuta kafin ƙura da zafi su cinye su.

Mai sauraro ma yana da nasa aikin. Wanda ya iya rubutu ya aika wasiƙa ko saƙon waya gidan rediyo. Ya faɗi sunan tsohon makaɗin ƙauyensu, ya nemi a zo a ɗauke shi tun yana da rai. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Allah ya ba da damina mai albarka, amin.