Ƙarshen Kalma a Turanci: Inda Ɗalibanmu ke Tuntuɓe



Duk malamin da ya taɓa duba takardun jarrabawar Turanci ya san wannan jimla: Yesterday he walk to school. Sai a sa jan biro a ƙara ed, a rage maki, mako na zagayowa yaron ya sake yin ta. A kan waɗannan 'yan haruffa na ƙarshen kalma nake so mu tsaya yau.

Aikatau mai bin ƙa'ida a Turanci siffa huɗu kacal gare shi: walk, walks, walked, walking. Suna kuwa, da an liƙa masa s ya zama jam'i. Wannan ai bai isa ya razana yaron da tun yana goye yake jin gida da gidaje, doki da dawaki, akuya da awaki ba. Shi ma Turancin da can ba haka yake ba. Shekara dubu da suka wuce sunayensa da aikatansa cike suke da ɗafe-ɗafe iri-iri, sai a ƙarnonin da suka biyo bayan mamayar da Normawa suka yi wa Ingila a 1066 yawancinsu suka zube. Oxen da children ragowar wancan zamani ne. Aikatau marasa bin ƙa'ida kimanin 200 suka rage, kuma duk sabon aikatau da ya shigo, irin su email da text, ed yake ɗauka.

To, me ya sa yaranmu ke faɗuwa a abu mai sauƙi haka?

Na farko, Hausa ba a jikin aikatau take ajiye lokaci ba. Mukan ce ya karanta, zai karanta, yakan karanta. Aikatau na nan yadda yake, lamirin da ke gabansa ne ke sauyawa. Yaron da ya rubuta yesterday, a hankalinsa ya riga ya gama faɗin lokaci, me kuma zai ƙara? Haka nan muna cewa shekara biyar, naira goma, ba tare da jam'i ba, shi ya sa five year ke fitowa daga bakinsa. Wannan yaro ba daƙiƙi ba ne, nahawun harshensa yake bi, kuma raina na ɓaci in na ji ana kiransa da wannan suna.

Na biyu, wanda na fi so ku riƙe, ƙa'idar a kunne take kafin ta zo takarda. Ku ɗora yatsa a maƙogwaro ku ja sautin s, sannan ku ja z. A na biyun za ku ji ziza a ƙarƙashin yatsa. Idan kalma ta ƙare da sauti marar ziza, jam'inta s ne, kamar cats. Idan mai ziza ne, z za a furta ko da s aka rubuta, kamar dogs. Idan kuma ta ƙare da sauti mai shigen s ko sh, sai a ƙara gaɓa guda, buses, watches. Haka ed take da furuci uku: t a walked, d a played, id a wanted. Mu kuwa yawancin kalmominmu da wasali suke ƙarewa, don haka baƙaƙe uku a jere a ƙarshen asked kunnen Bahaushe ba ya saurin kama su. Abin da yaro bai ji ba, yaya zai rubuta shi?

A 1958 wata mai bincike a Amurka, Jean Berko, ta nuna wa ƙananan yara zanen wata halitta mai kama da tsuntsu, ta ƙirƙira mata suna wug, sannan ta nuna musu guda biyu. Yawancinsu suka ce wugs, da sautin z, alhali ba su taɓa jin kalmar ba. Ba hadda suka yi ba, daga yawan ji suka tsamo ƙa'idar. Kuma su ma, 'ya'yan masu harshen, jam'in da ke ƙara gaɓa ya fi ba su wuya. Saboda haka nake roƙon malamai, kafin a rubuta komai a allo, a furta walk da walked a bar yara su rufe ido su faɗi wanne suka ji, a maimaita har kunne ya saba.

Ƙa'idojin rubutun ba su da yawa, daga baya ake kawo su. Y kan koma i idan baƙi ya gabace ta: city, cities, carry, carried, amma boys da played ba a taɓa su. Ana jefar da e a making. Ana ninka baƙin ƙarshe bayan gajeren wasali a stopped, kuma wannan ninkin shi ne ya raba hopped da hoped, wanda ya yi tsalle da wanda ya sa rai.